Rumbun Tubala na Kowa da Kowa: Gina Fuskar Manhaja Gunduwa-Gunduwa, da Misali Daga Salaga da Yendi da Bawku

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wa ɗaliban harshe wani tsari da masu rubuta manhajar kwamfuta ke bi a yau, da kuma nuna inda aikin masanin harshe ya shiga cikinsa. Tsarin kuwa shi ne na rarraba fuskar manhaja zuwa ƙananan sassa masu cin gashin kansu, sannan a tanadi rumbu guda na kayan gini wanda kowane sashe zai riƙa ɗiba daga ciki. An zaɓi garuruwa uku na arewacin Gana domin kafa misali: Salaga a ƙasar Gwanja, da Yendi, fadar Ya-Na sarkin Dagwamba, da Bawku da ke kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. Dalilin zaɓen shi ne kowane ɗayansu yana da harshensa na gida, kuma ana jin Hausa a zangonsa da kasuwarsa. Duk manhajar da za ta yi aiki a waɗannan wurare dole ta iya ɗaukar harshe fiye da ɗaya. In ta kasa, sunan mara lafiya a asibiti ko na ɗalibi a makaranta na iya shiga rajista a gurguje, ko a neme shi a rasa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace kalmomi huɗu da za su yi ta maimaituwa.

(a) Fuskar manhaja: ɓangaren da mai amfani yake gani a allon kwamfuta ko waya, yake kuma taɓawa. Kishiyarta ita ce bayan manhaja, wato inda ake ajiye bayanai ana lissafi.

(b) Ƙaramar fuska: yanki ɗaya na fuskar manhaja wanda wata ƙungiyar ma'aikata ta gina, take kula da shi, kuma take iya sabunta shi ba tare da jiran sauran ba.

(c) Tubali: ɗan ƙaramin abu da ake harhaɗa fuska da shi, kamar maɓallin dannawa, ko gurbin rubuta suna, ko jadawali, ko akwatin zaɓen kwanan wata. An aro kalmar daga wurin magina, domin tubali ɗaya ba gida ba ne, amma da shi ake tayar da kowane ɗaki.

(d) Buɗaɗɗen tushe: manhajar da aka bar rubutunta na asali a fili, tare da lasisin da ya yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba.

Ke nan, rumbun tubala mai buɗaɗɗen tushe shi ne tarin tubalan da aka ƙera da ma'auni ɗaya, aka ajiye a inda kowa zai iya ɗauka, ya kuma iya kawo gyara.

3.0 Asalin Tsarin

Aƙidar sakar wa jama'a manhaja ta girmi wannan tsari. Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka a shekarar 1983, lasisin GPL ya fito a 1989, sunan buɗaɗɗen tushe kuma ya bazu daga 1998. Kayan aikin da suka sauƙaƙa haɗin gwiwar mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sun biyo baya: Git a 2005, GitHub a 2008. A 2013 kamfanin Facebook ya saki React, wanda ya yaɗa al'adar gina fuska da tubala, sai Vue ya fito a 2014.

Da manhajoji suka ƙara girma, sai wata matsala ta bayyana. Idan fuska ɗaya ce dunƙulalliya, kuma ƙungiyoyi goma ke aiki a kanta, to duk wanda ya gama nasa sai ya jira na baya, kuskuren mutum ɗaya kuma yana iya tsayar da kowa. Maganin da aka samo shi ne a yanka fuskar gunduwa-gunduwa. Kamfanin ThoughtWorks ya ambaci wannan dabara ta ƙananan fuskoki a cikin rahotonsa na fasaha a ƙarshen 2016, kuma fitowar Webpack 5 a 2020 ta kawo hanyar da wani yanki zai ɗauko wani yanki a daidai lokacin da mai amfani ya buɗe shafi.

Sai dai rarrabuwa tana da nata illa. In kowace ƙungiya ta ƙera maɓallinta da gurbin sunanta yadda ta ga dama, mai amfani zai ga shafi ɗaya da kamanni biyar. Tarihin Salaga yana da abin da zai taimaka a fahimci maganin. A ƙarni na 19, fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro suna tafiya ne cikin ayari ƙarƙashin madugu. Kowane falke da jarinsa da jakunansa da ribarsa, ba wanda ke yi wa wani ciniki. Amma ƙwaryar goro ɗari ce a wurin kowa, wuri kuma shi ne kuɗin kowa. 'Yancin kowane falke bai hana a yi ma'auni ɗaya ba, hasali ma ma'aunin ne ya sa cinikin ya yiwu. Rumbun tubala shi ne wannan ma'auni a tsakanin ƙananan fuskoki.

4.0 Misalin da Ke Aiki a Gana

Tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Gana take tattara alƙaluman kiwon lafiya na gundumomin ƙasar da wani tsari mai suna DHIMS2. Gundumomin da Salaga da Yendi da Bawku suke ciki suna aika nasu rahotannin ta wannan hanya, kamar yawan haihuwa da rigakafi da masu zazzaɓin cizon sauro. An gina DHIMS2 ne a kan DHIS2, manhaja mai buɗaɗɗen tushe wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar rubuta ta. Tushen aikin ya faro a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, an fara amfani da DHIS2 a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yanzu kuma ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita, har da Nijeriya.

Abin lura a nan shi ne yadda aka tsara fuskarta. Shigar da alƙaluma manhaja ce mai zaman kanta, zana taswira wata ce, zana jadawalin kwatance wata ce daban, allon taƙaita rahoto kuma yana ɗauko taswira da jadawali daga waɗancan ya jera su wuri ɗaya. Wata ƙasa ko ƙungiya tana iya rubuta tata manhajar ta ɗora a kai. Abin da ya sa duk suka yi kama da juna shi ne rumbun tubala da ake kira DHIS2 UI, wanda aka gina da React aka ajiye a GitHub.

Akwai makamantansa. OpenMRS, manhajar ajiye bayanan marasa lafiya da aka fara a 2004 aka soma aiki da ita a Eldoret ta Kenya, an sake gina zubinta na uku kacokan bisa tsarin ƙananan fuskoki, tare da tubalan Carbon na kamfanin IBM. Haka nan Gidauniyar Wikimedia tana da rumbunta mai suna Codex, wanda zubinsa na farko cikakke ya fito a 2023. Wannan ya shafi garuruwan da ake magana a kansu kai tsaye, domin ban da Wikipedia ta Hausa, an buɗe ta harshen Dagbani a 2021, ta harshen Kusal da ake yi a yankin Bawku kuma a 2024. Gyara ɗaya a cikin tubali ɗaya na irin wannan rumbu yana isa ga dukkan harsunan da ke ɗiba daga cikinsa. Haka ma kuskure ɗaya.

5.0 Inda Harshe Ya Shigo

5.1 Haruffa

Rubutun boko na Hausa yana da ɓ da ɗ da ƙ, a Nijar kuma ana ƙarawa da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Dagbani yana da ɛ da ɔ da ŋ da ɣ da ʒ. Kusal yana da ʋ, ban da ɛ da ɔ da ŋ. Dukkansu suna da lamba a tsarin Unicode. Alal misali lambar ƙ ita ce U+0199, ta ɓ kuma U+0253. Amma samun lamba bai wadatar ba, sai zubin haruffan da tubali ke amfani da shi ya ƙunshi hoton harafin. In babu, sai a ga ɗan akwati a madadinsa, ko harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Saboda haka rumbu nagari yakan zaɓi zubin haruffa irin su Noto na Google, ko Andika da Charis na ƙungiyar SIL, waɗanda lasisinsu a buɗe yake.

Wata matsalar ita ce ta tantance suna. Masu manhaja da yawa sukan sa wa gurbin suna sharaɗin kada ya karɓi komai sai haruffan Ingilishi 26. Irin wannan gurbi zai ƙi Sa'adatu da Mu'azu saboda alamar hamza, zai kuma ƙi Ɗanladi. Ma'aikacin da layi ya yi wa tsawo zai rubuta sunan yadda na'ura ta yarda, gobe wani ya rubuta shi wata iri, mutum ɗaya ya zama biyu a rajista.

5.2 Nema da Jerawa

A Hausa ƙafa daban, kafa daban. Ɗaka daban, daka daban. To amma allon rubutu na waya ba kullum yake da haruffa masu lanƙwasa ba. Bugu da ƙari, a Hausar Gana, wadda masana ke kira Gananci, masu magana da yawa ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b a furuci, don haka ba sa bambanta su a rubutu. Ƙa'idar da ta dace ita ce tubali ya adana abin da aka rubuta yadda yake, amma a wajen nema ya sassauta, wanda ya rubuta Danladi ya sami Ɗanladi. Haka kuma hamza tana da alamomi akalla uku masu kama da juna a kwamfuta, dole tubalin nema ya ɗauke su abu ɗaya.

Wajen jera sunaye kuwa, idan aka bar na'ura ta bi lambobin Unicode tsagwaronsu, duk kalmar da ta fara da ƙ za ta koma bayan z. Akwai wani buɗaɗɗen kundi na ƙa'idojin harsuna mai suna CLDR, wanda ya tanadi jerin Hausa inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ƙ ke bin k. Kundin ya ware Hausar Nijeriya da ta Nijar da ta Gana, alamar ta Gana ita ce ha-GH. Aikin mai gina tubali shi ne ya jingina da wannan kundi maimakon ya ƙirƙiro nasa jerin.

5.3 Nahawu

A nan ne ɗalibin harshe ya fi kowa amfani. Ingilishi yana ba da umarni da kalma ɗaya ga namiji da mace, Hausa kuwa tana da ka shiga da ki shiga. Tun da manhaja ba ta san jinsin mai karatu ba, mafassara sukan koma ga sigar da ba ta nuna jinsi: a shiga, ko ku shiga, ko shiga kawai. Wajibi ne a tsayar da ɗaya a rubuta ta cikin ƙa'idojin rumbu, in ba haka ba wata ƙaramar fuska za ta ce ka, maƙwabciyarta ta ce ku, a shafi guda.

Na biyu, masu manhaja suna da al'adar manna guntayen jimla. Sukan ajiye kalma ɗaya su riƙa liƙa mata wasu a gaba. Wannan ba ya yi wa Hausa daɗi, saboda aikatau yana canza siffa gwargwadon abin da ya biyo shi: nema idan ba karɓau, nemi littafi gaban suna, neme shi gaban wakilin suna. Mahaɗin mallaka ma haka yake, -n ga namiji da jam'i, -r ga mace mai ƙarewa da a: hoton asibiti, takardar asibiti. Saboda haka tubali kada ya harhaɗa jimla da kansa. Ya karɓi cikakkiyar jimla daga mafassari, da gurbi a cikinta inda suna ko adadi zai shiga.

Na uku shi ne tsawo. Abin da Ingilishi ya faɗa da kalma ɗaya, Hausa takan faɗe shi da uku. Maɓallin da aka yanke wa faɗi daidai da kalmar Ingilishi zai datse ta Hausa. Tubali nagari yana buɗewa gwargwadon abin da aka zuba masa.

5.4 Ajami

Hausa ta daɗe a rubuce a wannan yanki kafin boko. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da ajamin Hausa. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara irin waɗannan takardu a shekarun 1960. Duk manhajar da za ta nuna su tana bukatar tubalan da ke iya juyawa daga dama zuwa hagu. Dabarar ita ce kada a rubuta wa tubali hagu da dama, a rubuta masa farkon layi da ƙarshen layi, sai ya juya da kansa idan rubutu ya juya. SIL ta fitar da zubin haruffa biyu domin ajamin Afirka ta Yamma, Harmattan da Alkalami, na biyun an zana shi ne bisa salon rubutun hannu na Kano.

5.5 Kuɗi da Lokaci da Lamba

Harshe ɗaya bai nufin ƙasa ɗaya. Bahaushen Yendi yana ciniki da sidi, wanda aka sake wa daraja a 2007 inda tsohon sidi 10,000 ya koma sabo ɗaya. Na Kano da naira. Na Maraɗi da sefa. Ɗan kasuwar Bawku kuwa yana taɓa sidi da sefa a rana ɗaya. Agogon Gana yana bayan na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya. Lambar waya a Gana tana farawa da +233 sai alƙaluma tara, a Nijeriya +234 sai goma, a Nijar +227 sai takwas. Ke nan tubali ya riƙa tambayar abu biyu daban-daban: wane harshe, kuma wace ƙasa.

6.0 Matakan Gina Rumbu

Mataki na farko shi ne ƙidaya. A duba fuskokin da ake da su, a lissafa abubuwan da ke maimaituwa. Abin da ƙungiya ɗaya kaɗai ke bukata ba ya shiga rumbu.

Na biyu shi ne tsayar da ma'auni: launuka, girman haruffa, tazara tsakanin abubuwa. Akan ba kowanne suna, a ajiye wuri ɗaya, ta yadda in an canza launin gargaɗi sau ɗaya zai canzu ko'ina.

Na uku, a raba tubali da sana'a da kuma harshe. Gurbin kwanan wata bai kamata ya san ko ranar haihuwa ake shigarwa ko ranar rigakafi ba, kuma kada a binne wata kalma a cikinsa. Kalmomi suna zama a fayil na daban inda mafassara za su kai gare su. DHIS2 tana amfani da dandalin Transifex domin wannan aiki, Wikimedia kuma da translatewiki.

Na huɗu shi ne gwaji da bayani. Kowane tubali a gwada shi da sunaye na gaskiya daga harsunan da zai yi wa hidima, da rubutun dama zuwa hagu, da manhajar da ke karanta wa makafi allo, da ƙaramar waya a inda intanet ke da rauni. A kuma rubuta yadda ake amfani da shi tare da misali.

Na biyar shi ne lambar zubi. Al'adar da aka fi bi ita ce lamba mai gida uku, kamar 2.4.1. Gidan ƙarshe yana ƙaruwa idan an gyara kuskure, na tsakiya idan an ƙara sabon abu, na farko kuma idan canjin zai karya aikin masu amfani da tsohon zubi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga ƙananan fuskoki, tun da ba rana ɗaya suke sabuntawa ba.

Na shida shi ne lasisi da shugabanci. A zaɓi lasisi sananne, kamar BSD da DHIS2 ke ƙarƙashinsa, ko MIT, ko GPL. A kuma bayyana wanda ke da ikon karɓar gyara ko ƙin sa, da hanyar da baƙo zai bi ya kawo ƙorafi.

7.0 Matsaloli

Tsarin ba ya rasa nauyi. Idan ƙananan fuskoki uku suka ɗauko zubi uku na rumbu ɗaya, wayar mai amfani za ta sauke abu ɗaya sau uku, shi ne kuma zai biya kuɗin data. Har ila yau, dogaro da kayan wasu yana da haɗari: a watan Maris na 2016 wani marubucin manhaja ya janye wani ɗan guntun aiki mai layi 11 da ake kira left-pad daga ma'ajiyar npm, ayyuka masu ɗimbin yawa suka tsaya cak na ɗan lokaci. Sannan akwai gajiyar masu aikin sa kai, domin rumbun da ba mai kula da shi yakan tsufa da sauri. Ƙaramar ƙungiya mai mutum uku ko huɗu ba ta bukatar ƙananan fuskoki. Rumbun tubala kaɗai ya ishe ta.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙananan fuskoki suna ba ƙungiyoyi damar aiki kowa da saurinsa, rumbun tubala kuma shi ke haɗa kansu. An kuma ga cewa yawancin abin da ke sa tubali ya yi aiki a Salaga ko Yendi ko Bawku tambayoyi ne na harshe: wane harafi, wane jeri, wane jinsi, wace siffar aikatau. Injiniyan da ke Oslo ba shi da hanyar sanin cewa nema yana komawa nemi gaban suna sai an gaya masa. Da yake tushen a buɗe yake, ɗalibin Hausa da bai iya rubuta manhaja ba yana iya fassara, ko ya gwada gurbin suna da Ɗanladi da Sa'adatu, ya rubuta rahoton abin da ya gani ga masu kula da rumbun.

Tambayoyin Bita

1. A bayyana bambancin tubali da ƙaramar fuska, tare da misali ɗaya ga kowanne.
2. A kawo tagwayen kalmomi biyar da ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b kaɗai suka bambanta su.
3. A zaɓi aikatau uku masu canza siffa kamar nema, a nuna siffofinsu gaban suna da gaban wakilin suna.
4. Wace siga ta fi dacewa da umarnin manhaja: ka, ku, ko a? A kawo hujja.